Karan da Inna Ta Gitta a Ƙofa

Farkon ruwan sama a kan kwanon ɗaki, kafin ya kece, yakan zo ɗai-ɗai. Tas. A yi shiru. Tas, tas. Mutane suna jin haka su yi hamdala, mata su ruga kwashe shanya. Ni kuwa sai in tsinci kaina ina ƙirgawa. Shekaru da yawa ke nan ina haka, kuma na san inda na samo shi. Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru, don ba na son labari mai tsalle-tsalle.

Da farko, ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata. Mutanenta masu shanu ne daga wajen Gwiwa, aure ne ya kawo ta Roni. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta jayayya da shi a fili. Tun ina yaro sunana a bakinta "wancan". Idan tana da magana, sai ta dubi ƙanwata ko wani da ke kusa ta ce, "Ku gaya wa wancan abincinsa na hucewa," alhali ina zaune taku biyu daga inda take. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Abin da ba ta nuna mini, 'ya'yana take nuna wa. 'Ya'yana mata uku duk ita ta yi musu wankan farko, kuma a bayanta suka yi wayo.

Na biyu, aikina malamin gona ne. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da aka koya mini na riƙe shi da kyau. Ina yawo a babur tsakanin Roni da Kazaure da ƙauyukan da ke kewaye, ina nuna wa manoma yadda ake sa maganin ƙwari a rumbu da buhunan wake. Na ga abin da gaggawa ke jawowa idan aka buɗe buhu kafin lokaci aka dafa. Saboda haka na kafa wa kaina doka: duk gubar da ido ba ya gani, idan takarda ta ce a jira kwana bakwai, ni sai in ce sha huɗu. Manoma suna yi mini tsiya a kan haka, amma ba wanda ya taɓa kwanciya ta dalilina. Ina alfahari da wannan.

Inna ta yi fama da sankarar mama, aka yi mata aiki a Kano, ta samu sauƙi na kusan shekara. Daga nan ta fara kukan baya da ƙugu. Likita ya ce hoton da aka saba ɗauka bai isa ba, akwai wani hoton ƙashi na musamman, kuma ba a yin sa a kusa. Ya rubuta mana takarda zuwa wani babban asibiti, tafiyar yini guda cur a mota. Damina ta fara kankama. Matata tana da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Muka tafi mu uku: ni, da Inna, da ƙanwata.

Sashen da aka tura mu yana can ƙarshen asibitin, ƙofofinsa masu nauyi, da wata alama mai kama da fanka a jikinsu. Mai na'urar mutum ne dogo, mai fara'a, Hausarsa irin ta wanda ya koya a kasuwa. A ƙirjinsa akwai wani ɗan abu kamar akwatin ashana, ya ce shi ke tara lissafin hasken da ya taɓa jikinsa a wata. Na ce masa ina so a yi mini bayani daga farko zuwa ƙarshe kafin a taɓa ta. Ya dube ni ya yi dariya.

"Malam, kai malamin makaranta ne?"

"Malamin gona."

"To ai gara. Manomi ya fi saurin ganewa. Zauna."

Ga abin da ya ce, kamar yadda na riƙe. Hoton da muka sani, na'ura ce ke harba haske ta jikin mutum. Wannan kuwa akasin haka ne. Na'urar ba ta fitar da komai, saurare kawai take. Za a yi wa Inna allurar wani magani ɗan kaɗan, wanda ke fitar da haske irin wanda ido ba ya gani, su suna ce masa radiyeshan. Maganin zai bi jini ya je ya lafe a ƙashi, kuma ya fi taruwa a inda ƙashi ke fama da gyaran kansa. Daga nan hasken zai riƙa fitowa daga cikin jikinta, na'ura tana kama shi ɗaya bayan ɗaya.

Ya nuna mini ta gilashi yadda yake auna maganin. Akwai wani abu kamar ƙaramar rijiya ta ƙarfe. Ya zura sirinjin a ciki, lamba ta fito a allo, ya rubuta ta tare da lokaci, har da minti. Sannan ya sa sirinjin cikin wani kube na dalma mai nauyi. Wannan tsari ya burge ni. Na ga mutumin da ya san aikinsa.

Na tambaye shi don me yake rubuta minti.

"Saboda maganin mutuwa yake tun yanzu. Duk awa shida ƙarfinsa yana raguwa da rabi. Bayan wata awa shida, rabin abin da ya rage. Haka dai. Ga shi kuma fitsari yana fitar da wani. Ta sha ruwa da yawa. Daga yanzu zuwa gobe warhaka kada ta rungumi ƙananan yara, kada ta daɗe kusa da mai ciki. Kwana ɗaya. Shi ke nan."

"Rabi na nawa ne na ƙarshe?"

Yana sa safar hannu, hankalinsa rabi na wurin Inna. Ya ce, "A lissafin takarda? Ai ba shi da na ƙarshe, Malam. Ka yi ta rabawa har ka tsufa." Ya yi dariya, ya juya ya ce, "Mama, miƙo hannu, sauro ne zai ɗan cije ki."

Ya faɗi kwana ɗaya, kuma na ji da kunnena. Ba zan ɗora masa komai ba. Amma maganar da ya yi da wasa ita ce ta zauna mini.

Aka ce mu jira awa uku kafin maganin ya isa ƙashi. Inna da ƙanwata suka zauna a ɗakin jira da gorar ruwa. Ni na fita baranda, na sayi soyayyar gyaɗa, na ƙirga guda sittin da huɗu a kan hankici. Na ce wannan shi ne maganin. Awa shida, na kwashe rabi, saura talatin da biyu. Awa sha biyu, sha shida. Sai takwas. Kwana ɗaya ya cika, saura huɗu. Na tsaya na dubi huɗun nan. Mutumin ya ce kwana ɗaya, ga shi kuwa akwai saura. Na ci gaba. Biyu. Ɗaya. Na murza ɗayar ta rabu gida biyu, yadda gyaɗa ke yi. Na ciro 'yar wuƙata na raba ɓarin. Na sake rabawa. Har ya zama gari a kan hankici, kuma garin yana nan, ina ganinsa. Na naɗe hankicin na sa a aljihu.

Da lokaci ya yi, aka kwantar da Inna a wani siririn gado. Na'urar tana da manyan kawuna biyu masu faɗi kamar faifai, ɗaya a samanta, ɗaya a ƙarƙashi. Na saman ya sauko har ya kusa taɓa hancinta. Ƙanwata ta tsaya daga gefe tana cewa, "Inna, kada ki motsa." Ni mai na'urar ya bar ni na tsaya a bayansa, gaban kwamfuta.

Yana aiki yana yi mini bayani ƙasa-ƙasa. A fuskar kowane kai akwai faranti na dalma mai ƙananan ramuka dubbai, kamar saƙar zuma. Hasken da ya fito a karkace, dalma ta shanye shi. Wanda ya fito a miƙe ne kawai ke wucewa ta rami, don haka ake sanin daga ina ya taso. Bayan farantin akwai wani dutse mai kama da gishiri garai-garai. Duk sanda haske ya buge shi sai ya yi ɗan walƙiya. A bayan dutsen kuma akwai wasu idanu na gilashi a jere, su ke ganin walƙiyar, su ƙara mata ƙarfi, su mayar da ita lantarki. Kwamfuta ta lissafa inda aka yi walƙiyar, ta sa ɗigo ɗaya a allo.

"Ɗigo ɗaya, haske ɗaya," in ji shi. "Hoton nan ba ɗaukarsa ake ba, ƙirga shi ake. In ɗigon bai yi yawa ba, hoton ba ya fita. Shi ya sa ba ma gaggawa."

Na sa ido a allon. Da fari ba komai sai ɗige-ɗige kamar an watsa gero a tabarma. A hankali suka fara haɗuwa. Ƙoƙon kai ya bayyana. Ramukan ido. Wuya, kafaɗu, haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, kawunan na'urar suna tafiya sannu daga kanta zuwa ƙafa. Ni da ban taɓa tsayawa na kalli fuskar matar nan na tsawon numfashi uku ba, saboda kunya, sai ga ni ina kallon ƙasusuwanta. Na so in kawar da kai, na kasa. A gadon bayanta akwai wurare uku da ɗigon ya taru ya yi baƙi ƙirin. Akwai a haƙarƙari. Akwai babba a ƙugu.  Na tambayi mai na'urar mene ne waɗannan. Ya ce likita ne zai faɗa.

Da aka gama, ya ɗauko wani ɗan akwati mai hannu da wayar da ke haɗe da wani abu kamar tocila, don ya duba zanen gadon ko wani abu ya zuba. Ya kunna. Tas. Tas. Sai Inna ta zo wucewa ta gabansa, ƙanwata na riƙe da ita. Nan take abin ya rikice, tas-tas ɗin ya haɗe ya zama ƙara guda, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ta wuce, ƙarar ta lafa.

Inna ta tsaya ta waiwaya. "Me gyaren nan yake faɗa a kaina?"

"Gaishe ki yake, Mama. Ya ce ki sauka lafiya."

"To ka ce masa surutunsa ya yi yawa."

Suka yi dariya su uku. Ni ban yi ba. Abin da ido ba ya gani, yau na ji shi da kunne, kuma daga jikin uwata yake fitowa.

Muka kwana a garin, washegari muka kamo hanya. Kafin mu iso Roni kwana ɗayan ya riga ya cika. Amma ni na riga na tsara abin da zan yi. Na tara mutanen gida na faɗa musu. Ɗaya, Inna za ta koma ɗakin da ke can kusurwa, kusa da rumbu. Biyu, kwanonta da kofinta da butarta daban, na ɗaura wa kowanne jan zare. Uku, matata da yara ba za su matsa kusa da ita ba. Na sa wuƙa na yanko karan dawa daga jikin danga na gitta a ƙasa, taku uku daga bakin ƙofarta. Ƙanwata kaɗai ke tsallake shi, ita ma don kai abinci da gyara.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, mutumin nan fa kwana ɗaya ya ce. Ina wurin."

"Ya kuma ce ba shi da ƙarshe. Kina wurin?"

"Wasa yake."

"Ba a wasa da guba."

"To har yaushe?"

Na ce sai na ga hali. Gaskiyar magana, ban san har yaushe ba. Dokata ta ninka kwanaki ba ta yi mini aiki a nan ba, don duk ranar da na sa a raina, sai in tuna garin gyaɗar nan.

Inna tana zaune a bakin ƙofa tana jin mu. Da wani ɗanta ne ya yi haka, da ta wanke shi tas, don ba ta da tsoron kowa. Amma ni ne. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Ku bar wancan. Shi ya yi boko." Ta ja ƙafafunta ciki.

Sakamako ya iso wurin likitanmu. Ya ce ciwon ya shiga ƙashi, abin da ya rage shi ne a rage mata zafi. Ban tambaye shi zancen kara ba. Ban ga abin tambaya ba, tunda a ganina na fahimta.

Kwana goma sha ɗaya da yin hoton matata ta haihu, namiji. Tun cikin yana ƙarami Inna ke cewa mijinta na nan tafe, za ta huta da zawarci. Da ta ji kukan jariri daga ɗaya ɓangaren, ƙanwata ta ce Inna ta miƙe tsaye ba tare da sanda ba, abin da ta yi wata guda ba ta yi ba. Ta zo har bakin karan ta tsaya. Wata maƙwabciya ce ta yi wa yaron wanka.

Matata ta yi mini magana sau ɗaya, a hankali. "Malam, ko na minti ɗaya ne, a kai mata shi ta sa masa albarka."

Na ce, "Jariri ya fi kowa rauni. In wani abu ya same shi, ke za ki ce me?"



Ranar suna gida ya cika da mata. Labari ya riga ya zaga cewa an sa wa Inna wata wuta a jiki a asibiti. Masu zuwa dubiya da ma sun ragu, waɗanda suka zo suna tsayawa nesa da karan fiye da yadda na ce. Inna ta yi kwalliya, ta ɗaura sabon zane, ta zauna a ƙofarta. Ina shigowa da masu kawo nama na ji ta ɗaga murya.

"Ku ɗaga mini mijin nan in gani! Ko ɓoye shi kuke don mummuna ne?"

Ƙanwata ta ɗauko shi ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga shi sama.

"Juyo da shi. Kai! Wannan kan fa? Wannan ba zai iya noma ya ciyar da ni ba. Ku mayar, na fasa auren."

Mata suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Na ga hannuwan Inna a kan cinyarta, tafukan suna sama, a buɗe. Ba ta san ta buɗe su ba. Na wuce abina.

Bayan mako guda Inna ta aiko ƙanwata. "Ta ce a gaya maka tana so ta je wurin Kawu ta sha nono." Kawu ƙaninta ne, yana zaune da shanunsa a wata ruga bayan Gwiwa. Na ce hanya ba kyau, ga jikinta. Ƙanwata ta ce, "Yaya, tana jin kukansa safe da yamma. Ka bar ta ta tafi." Na nemo mota. Ta tafi da ƙanwata, da kwanonta da butarta masu jan zare. Da na zo share ƙofar ɗakin ban ga karan ba. Na ɗauka yara ne suka ɗauke.

Sai wani abokina, mai sayar da hatsi a Babura, ya zo ya same ni. An rubuta wa matarsa irin wannan hoton, ya ji na san hanya, yana so in raka su. Na yarda. Muka isa sashen da sassafe, kafin a fara kiran mutane. Ranar kwana hamsin ke nan cif da hoton Inna.

Mai na'urar ya gane ni. "Malamin gona! Ya jikin Mama?"

Na ce da sauƙi. Yana ta shirin aiki. Ya kunna ɗan akwatin nan a ɗakin da ba kowa, ba majiyyaci, ba magani a waje. Tas. Shiru. Tas, tas. Ya dubi agogo, ya rubuta lamba a littafi.

Na ce, "Me yake ƙirgawa? Ai ba kowa."

"Ɗakin yake ƙirgawa. Kullum da shi muke farawa. Sai mun san na ɗaki, sannan mu cire shi daga na mutum."

"Ragowar na jiya ne?"

"A'a. Na duniya ne." Ya ɗauki abin ya fita da shi baranda. Tas. Tas. Ya kai shi jikin bango, ya kai shi kan ƙasar da aka shuka furanni. Ya ɗora shi a ƙirjina. Tas. "Ƙasa tana da shi, dutse yana da shi, wani daga sama yake zuwa. Abincin da ka ci ma akwai ɗan kaɗan. Tun ranar da aka haife ka kake cikinsa. Ku da kuke zaune cikin duwatsu, watakila naku ma ya ɗara namu."

 Na ce, "To wanda aka yi wa allura, yaushe nasa ke ƙarewa? Ka ce ba shi da ƙarshe."

"Ni na ce haka?"

"Kai ka ce."

"To a takarda ke nan. A jiki, ƙwayoyi ne masu iyaka, kowace in ta fitar da haskenta sau ɗaya ta gama wannan aikin. Kwana biyu, uku, na Mama ya nutse cikin na ɗaki. Ko na sa mata wannan abin ba zai bambanta ta da bangon nan ba." Ya tsaya ya dube ni da kyau. "Malam, lafiya? Me ka yi?"

Na gaya masa. Ɗaya, biyu, uku, har da karan. Bai yi dariya ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ya kashe akwatin ya ce, "Tana da rai?"

"Tana da rai."

"To me kake yi a nan?"

Na bar abokina da matarsa, na nufi tasha. Na iso Roni washegari, ranar da matata ta yi arba'in. Kashegari da safe muka hau mota zuwa Gwiwa, daga nan babura biyu suka shiga da mu ta cikin gonakin gero, matata da yaron a goye, ni a gaba. An yi ruwa, hanya duk laka, sau biyu muna sauka muna takawa.

Kawu ya tare mu a bakin ruga. Bayan gaisuwa ya ce, "Yayata ta hana kowa zuwa kusa da ita. Jikokina in sun matso sai ta kore su. Ta ce kai ka ce." Ya nuna mini bukkarta. A gaban ƙofar, taku uku daidai, ga karan dawa a gicciye. Na gane shi. Nawa ne, har da inda wuƙata ta yanke shi.

Tana kwance a tabarma kusa da ƙofa, ta rame ƙwarai, ƙanwata na yi mata fifita. Da ta hango matata tana kwance goyo, sai ta yunƙura ta ɗaga hannu.

"Kai, kai! Ku gaya wa wancan ya manta dokarsa. Ku mayar da yaron baya."

Na tsallake karan. Na durƙusa a gabanta. A iya sanina ban taɓa yi mata magana kai tsaye mai tsawo ba sai ranar. Na ce, "Inna, na yi kuskure. Babu komai a jikinki. Tun kwana uku da dawowarmu babu komai. Na koma wurin mutumin, ya nuna mini. Ni ne ban gane ba. Ki yafe mini, ki karɓi jikanki."

Ta juya fuskarta ga bangon bukka.  Sannan ta ce da ƙanwata, "Ki tambaye shi, wanne ne kuskuren, na da ko na yau?"

"Na da, Inna."

"Ki ce masa a da ma haka ya tabbatar. In na yau ne kuskuren, a kan wa zai faɗa? A kaina ko a kan yaron?"

Maganata ce ta dawo mini. Na jawo kwanonta mai jan zare, akwai sauran fura a ciki, na shanye a gabanta. Na sha ruwa a kofinta. Ta kalle ni ta gefen ido.

"Shi babba ne," in ji ta. "Jariri ya fi kowa rauni."

Kawu ya yi magana, ƙanwata ta yi kuka, matata ta roƙe ta. Ba ta sauya ba. Daga ƙarshe ta ce a shimfiɗa zane a wancan gefen karan a kwantar da shi, inda za ta gan shi sosai. Aka yi haka. Ta sa aka ɗaga ta zaune, aka jingina ta. Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, a hankali, ba ta gaggawa.

"Ya ɗan yi kyau," ta ce. "Kan dai na nan. Kai, maigida, ina kayan zawarcina? Ka zo hannu rabbana?"

Sai ta ce a miƙo mata karan. Ƙanwata ta ɗauke shi daga ƙasa ta ba ta. Ta riƙe gindinsa da hannu biyu, don ɗaya ba zai iya ba, ta miƙa kan a hankali har ya taɓa tafin ƙafar yaron. Ya janye ƙafar. Ta kai shi ga hannunsa. Ya damƙe, yadda jarirai ke damƙe duk abin da ya taɓa tafinsu. Ita tana riƙe da wannan bakin, shi yana riƙe da wancan. Ta yi masa addu'a a haka, doguwa, da Fulatanci, har hannuwanta suka gaji. Ba ta ja ba, sai da ya saki da kansa.

Muka kwana uku a rugar. Kullum da hantsi a kwantar da shi a wurin, ta miƙa karan. Kullum in sake yi mata bayani ta bakin ƙanwata, daga farko zuwa ƙarshe, da rabi da rabin rabi da ƙidayar ɗaki. Tana saurare har in gama. Sannan ta ce, "Ku ce masa na ji."

Kwana shida da zuwanmu, bayan mun koma gida, ta rasu, da la'asar, ana yayyafi. Ba ta ɗauke shi ba.

Yaron ya girma, lafiyarsa ƙalau. Ya san kakarsa ta rasu yana jariri, ya kuma san akwai wani tsohon kara a soke a rufin ɗakina wanda ba a taɓawa. Ya taɓa tambayata ko ta taɓa goya shi kamar yadda ta goya yayyensa. Na ce masa ta yi masa addu'a mai tsawo. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Na ce a'a, ba ta goya shi ba, kuma ni na hana.